Turaren da Kaka ta Aika Gidan Talabijin

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, 'yata Bintu ta zo mini gida a Jiddari Polo da 'yarta Amira. Wai an ba su aiki a makaranta, kowace yarinya ta zagaya wani wurin tarihi na gari ta zo ta ba da labari, ita kuwa Amira ta zaɓi gidajen talabijin saboda ta ji ana cewa kakarta ta taɓa shiga ɗaya tana yarinya. Suka ce sai na raka su. Ɗana Abba ya fito da mota, na yafa laffaya na bi su. Mun fara da Bulabulin, na nuna musu shagon mai gyaran rediyon da muka fara ganin hoto yana motsi a cikinsa, muna leƙe ta taga muna taka ƙafafun juna. Yanzu rigunan waya ake sayarwa a wurin, amma ƙusar da yake rataye eriya tana nan a jikin bango, ta yi tsatsa. Daga nan muka bi ta inda ake hango dogon ƙarfen nan mai ja da fari, wanda a da idan ka ɓata a gari shi kake dubawa ka gane gabas. Sai muka tsaya a bakin ƙofar gidan talabijin ɗin. An sake fenti, an ƙara tsawon katanga, masu gadi sun ce ba a ɗaukar hoto. Bishiyar darbejiyar da ke hannun dama ce kawai ba ta canza ba, sai kauri da ta ƙara.

Abba ya nuna ƙofar da makullin mota ya ce:

"Amira, kalli nan da kyau. Nan ne Hajiya ta gudu ta ɓuya a banɗaki ranar da za a ɗauke su a talabijin."

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Wannan labarin ya girmi dukanku. Kawunku Modu ne ya fara shi, ya kuma raine shi da kyau, domin duk taron biki sai ya ƙara masa wani abu. A wata shekarar har da cewa mai shara ne ya zaƙulo ni da tsintsiya. Ban taɓa jin haushi ba. Amma a ranar na ga Amira ba ta yi dariya ba, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, sai na gane kunyata ce ta gada, kuma tana jin labarin kamar ita ake yi wa. Shi ya sa na zauna na rubuta muku yadda abin ya faru. Baki bai taɓa zama hanyata ba, kun sani.

Shekarar da nake aji shida ce Baba ya sayo talabijin, ita ce kuma shekarar da ya ɗauko mahaifiyarsa daga Konduga bayan rasuwar kakanmu. Gidan haya muke a Bulabulin, tsakar gida ɗaya da mutane iri-iri: akwai Babur, akwai Shuwa, akwai wani tela Bakano da iyalinsa, akwai Margi ma'aikacin asibiti. Hausa ce ta haɗa mu duka, da ita ake faɗa a bakin famfo, da ita ake shiryawa. Mu yara ma da ita muka tashi, Kanurinmu bai wuce na gaisuwa da na aike ba. Kaka kuwa Hausarta 'yar kaɗan ce, ta sayen gishiri. A Konduga mace ce mai gona da baki, wadda ake zuwa wurinta neman shawara da sayen turaren wuta. A Bulabulin ta zama tsohuwa mai zama a bakin ƙofa tana murmushi idan an yi dariya, ba tare da ta san abin da aka ce ba. Baba yana kasuwa tun safe, Mama tana fama da aikin gida da goyo. Ni ce mai zama kusa da ita, don ni ma ba mai magana ba ce. Sai mu wuni gefe da gefe, ina tsince mata shinkafa, tana gyara mini kitso.

A wancan zamanin ba a wuni ana talabijin. Sai bayan la'asar ake buɗe tasha. Kafin nan layuka ne masu launi a tsaye da wata ƙara siririya, mu kuwa har su muke kallo. Akwatin yana falon Baba a kan tebur, an rufe shi da kyalle mai saƙar hannu, eriyarsa tana kan dogon gora a bayan ɗaki, kuma aikin Modu ne ya fita ya juya goran idan hoto ya fara yayyafi, muna yi masa ihu daga ciki: "Ya yi! A'a, koma baya! Tsaya nan!" Kafin magariba ake karanta labarai da harsuna, ɗaya bayan ɗaya. Idan aka zo kan na Kanuri, wata mata ce take fitowa. Tun ranar farko da Kaka ta ji muryarta ta ajiye carbi ta matso. Ta ce wannan bakin na wajensu ne, ba na cikin birni ba, ta ji yadda take jan ƙarshen magana. Daga ranar, da an yi sallar la'asar sai Kaka ta wanke fuska, ta sake ɗankwali, ta shimfiɗa tabarmarta a gefen hagu na akwatin, kusa da ƙofa. Idan matar ta yi gaisuwa, Kaka ta amsa da "wushe, wushe", tana tafa hannu a hankali kamar yadda matanmu suke gaida baƙo. Ta sa mata suna Baƙuwar La'asar.

Modu ya sami abin tsokana. Wata rana har Baba, da yake ya dawo da wuri, ya ce mata cikin ladabi:

"Iya, ba fa ta ganinki. Hoto ne kawai ake aikowa ta iska."

Kaka ta dube shi ta ce:

"Bukar, ni ce na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Na san ba ta ganina. Ni ai ina ganinta. Wanda ya shigo ɗakinka ya yi maka magana da harshen uwarka, sai ka zauna masa kamar kututture?"



Ni kuwa abin da nake kallo daban ne. Na lura matar tana da wata ɗabi'a: kafin ta fara sabon labari sai ta sa yatsu biyu ta ja laffayarta a kafaɗar hagu, ko da ba ta zame ba. Na lura tana karkatar da kai kaɗan idan labarin rasuwa ne. Idan ta gama, sai ta tattara takardunta ta buga gindinsu a kan tebur, ta yi murmushi da rabin baki. Ban faɗa wa kowa ba, don ban san abin faɗa ba ne.

Ana cikin haka sai Malama Rifkatu, malamar ajinmu, ta sanar cewa an gayyaci makarantarmu shirin yara. Za a kai mu ranar Alhamis mu zagaya gidan talabijin, a ɗauke mu muna waƙa, a nuna ranar Asabar. Ta zaɓi masu murya, sannan ta zaɓe ni. Da kanta ta gaya mini dalili:

"Yagana, ke ba a jin muryarki, amma ba kya motsi. Ina son wadda za ta zauna a gaba ba ta soshe-soshe."

Da Baba ya ji, sai ka ce an ba shi sarauta. Ya gaya wa tela, ya gaya wa maƙwabtansa na kasuwa, ya gaya wa liman. Ya sayo mini farar safa da sabon takalmi. Mutum ne da bai yi boko ba, kuma bai taɓa cewa yana alfahari da ni ba, amma a makon nan kullum sai ya tambaye ni ko takalmin bai matse ni ba.

Kaka kuwa nata shirin take yi. Sai ranar Talata na ga ta kunce wani ƙullin tsumma da ta zo da shi daga Konduga, wanda ba ta taɓa buɗewa ba tun zuwanta. Guntayen itacen ƙamshi ne a ciki, da jijiyoyi, da farcen turare. Ta sa na daka mata, ta narka sukari a kasko, ta zuba itacen tana juyawa da haƙuri, tana ɗiga turarukan ruwa daga 'yan kwalabe. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi. Matar tela ta leƙo tana cewa, "Kaka, amarya za a kai ne ba mu sani ba?" Kaka ta yi mata murmushin nan nata. Da ya huce ta cika wata kwalbar man shafawa da ta wanke, ta naɗe ta a ɗankwali. Ranar Alhamis da safe, ina ɗaura takalmi, ta jawo ni ɗakinta ta sa mini a jaka. Ta yi maganar a hankali, da Kanuri, ta maimaita don in riƙe:

"Ki ba Baƙuwar La'asar, hannu da hannu. Ki ce wata tsohuwa 'yar Konduga tana gaishe ta. Ki ce kullum tana shigowa ɗakina, ban taɓa ba ta ko ruwa ba, abin yana damuna. Kada ki ba mai gadi. Kada ki ba malamarku. Ke na aika."

Na ce to. Amma tun a cikin motar makaranta nake tambayar kaina. Ni da ko sayen ashana aka aike ni sai na tsaya a bakin shago har mai shagon ya gaji ya tambaye ni, yaya zan yi in tsayar da matar da duk Maiduguri ta sani?

An zagaya da mu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar komai. Teburin labarai da nake gani kamar na gwamna, katako ne da aka yi wa fenti ta gaba kawai, bayansa ƙusoshi ne a waje. Taswirar da ke bayan mai karatu kwali ce, gefenta ɗaya ya fara naɗewa an manne shi. A ƙarƙashin teburin na ga silifas na roba guda biyu an ajiye su a jere. Ɗakin akwai sanyi kamar cikin randa, wayoyi kwance a ƙasa kamar igiyoyin rijiya, kuma ba ya ƙamshin komai. Na tuna Kaka tana cewa ɗakin da ba ya ƙamshi ba a gama gina shi ba. Na duba ko'ina, matar ba ta nan. Na so in tambaya, na buɗe baki a gaban wani mai kyamara, sai ya ce, "Yaya dai, 'yan mata?" na rufe bakina.

Daga nan aka kai mu ɗakin ɗaukar shirin yara, aka jera mu a kan benci hawa-hawa. Ni a gaba, a tsakiya. Wani mutum mai abin ji a kunne ya yi mana gargaɗi:

"Kun ga jar fitilar can ta saman ƙofa? Da ta kama, an rufe ke nan. Ba shiga, ba fita, ko gwamna ne. Mai jin fitsari ya faɗa yanzu."

Ƙofar tana buɗe tukuna, ina fuskantarta. Sai wata mata ta wuce ta barandar waje, ta ba mu baya, gajeriya, da jaka a hannu, tana tafiya wajen ƙofar fita. Ban ga fuskarta ba, kuma ta fi wadda nake gani a akwati ƙanƙanta ƙwarai. Amma daidai inda za ta karya kwana sai ta ɗaga yatsu biyu ta ja laffayarta a kafaɗar hagu.

Ban san tsawon lokacin da na zauna ba. Na dubi farar safata, na tuna Baba. Na taɓa jakata, na ji kwalbar. Na san idan aka rufe ƙofar nan, kafin a buɗe ta tafi, mu ma mota za a zuba mu, kuma ba za a sake kawo ni nan ba. Zan koma in miƙa wa Kaka kwalbarta, ita kuwa ba za ta yi faɗa ba, za ta karɓa ta mayar cikin tsummanta ta ƙulle. Wannan ne na kasa ɗauka. Na miƙe. Malama Rifkatu tana can tana gyara wa na baya tsayuwa, na ji wata yarinya tana cewa, "Malama, Yagana za ta banɗaki." Daga nan labarin kawunku ya samo tushe. Ina fita baranda na ji an ja ƙofar a bayana, na waiga na ga jar fitilar ta kama.

A gindin darbejiyar nan na same ta, tana jiran tasi. Na je na durƙusa a gabanta a cikin ƙasa, da sabuwar safata, na fito da ƙullin na ɗaga da hannu biyu. Ta dube ni ta ce da Hausa:

"Ikon Allah. 'Yar wa ce ke? Tashi mana, kada ki ɓata kayan makaranta."

Ban tashi ba. Na runtse ido na zubo saƙon Kaka da Kanurina mai gurbi-gurbi, kamar mai biya hadda. Da na kai wajen "ban taɓa ba ta ko ruwa ba" sai na tsaya. Na buɗe ido. Ta tsuguna daidai ni, ta kunce ɗankwalin, ta buɗe kwalbar ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Tasi ta tsaya ta yi mata hon, ta ɗaga hannu ta sallame ta ba tare da ta duba ba. Sai ta juya harshe zuwa Kanuri:

"Rabona da wannan haɗin tun kakata tana da rai. 'Yan birni sukari suke cikawa. Wannan hannun tsofaffinmu ne."

Ta tambaye ni sunan Kaka, da unguwarmu, da ko tana da lafiya. Sannan ta yi wata tambaya da ban zata ba:

"In tana kallo, a ina take zama?"

Na ce a tabarma, gefen hagu na akwatin, kusa da ƙofa. Ta yi dariya, ta kama haɓata ta ce:

"Aikin nan ba a gaida mutum a cikin labarai, sai su kore ni. Amma ki ce wa Ya Fanna kada ta tashi yau sai na gama tattara takarduna."

Na koma na zauna a barandar, a ƙarƙashin jar fitilar, ina jin waƙarmu tana fitowa ƙasa-ƙasa ta jikin ƙofa. Da aka buɗe, Malama Rifkatu ta dube ni, ta dubi gwiwoyina da suka yi ƙasa, ta girgiza kai ta ce, "Kai, Yagana. Kunyar nan taki za ta cuce ki." Ba ta dake ni ba.

Da yamma Kaka ta shimfiɗa tabarmarta. Na gaya mata saƙon, sai ta tashi ta ɗauro ɗankwalinta na bikin salla. Matar ta fito, ta yi gaisuwa, ta karanta labaranta kamar kullum. Da ta gama ta tattara takardu, ta buga gindinsu a tebur. Sai ta kamo bakin laffayarta ta kai hanci, ta shaƙa, ta ɗan juya idonta gefe, ƙasa-ƙasa, wajen da tabarma take. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Modu yana waje wajen gora, Mama tana kicin. Kaka ta ɗaga hannuwanta ta tafa a hankali, ta sake tafawa, tana cewa "wushe, wushe" har aka sa tallar sabulu.

Asabar kuwa ta zo da nata. Ban iya gaya wa Baba ba, ina ta cewa anjima, har falo ya cika. Tela da iyalinsa, abokan kasuwa, yaran lungu a taga. Aka fara shirin. Ga 'yan ajinmu, ga Malama Rifkatu a gefe, ga kuma gurbi a benci na gaba, a tsakiya, daidai faɗin yarinya ɗaya. Baba ya matsa kusa da akwatin yana bin fuskoki da yatsa, layi bayan layi, ya sake komowa daga farko. Wata yarinyar lungunmu da ke ajinmu ta ce daga taga, "Ai banɗaki ta tafi!" Falo ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba. Ya mayar da kyallen a kan akwatin tun shirin bai ƙare ba, ya ce, "Ba komai, Allah bai nufa ba," ya fita masallaci alhali lokaci bai yi ba. Wannan fitar tasa ita ce abin da na biya, kuma na daɗe ina jin nauyinta.

Kada ku ce an ɓoye gaskiya. A gaban kowa Kaka ta ce, "Ni na aike ta." Amma Kaka ta saba tare mini faɗa, ko kwano na fasa sai ta ce ita ce, don haka ba wanda ya ɗauka. Ni kuma ban ƙara ko kalma ba. Baba ya huce cikin 'yan kwanaki, ya ci gaba da tambayata ko takalmin bai matse ni ba, har ya rasu yana ɗauka kunya ce ta fitar da ni. Da a ce zan sake wani abu, da na gaya masa. Fitar kam, da zan sake fita.

Kaka ta yi sauran shekarunta a Bulabulin tana karɓar baƙuwarta. Ba kullum ba, amma lokaci zuwa lokaci matar takan kai bakin laffaya hanci idan ta gama, Kaka ta tafa, ni kuma in dubi Kaka. Ban sake haɗuwa da matar ba. Haɗin turaren da kuke cewa ba irin na Hajiya, wanda Bintu take kwasa duk zuwanta, shi ne wancan.

A ranar da muka je da ku, kuna komawa mota na ja Amira muka tsaya a gindin darbejiyar. Na nuna mata inda na durƙusa, amma na kasa ba ta labarin, sai na ce mata kawai wurin yana da inuwa mai kyau. Ita ce ta ɗago kai ta ce, a hankali yadda ba wanda zai ji:

"Kaka, ni ban yarda kin ɓuya ba."

To, Amira, kin yi gaskiya. Ban ɓuya ba. Aike aka yi ni, na kuma kai hannu da hannu. Ku karanta wa Modu, da ƙarfi, don kunnensa ya fara nauyi.